Fatalwa, Soyayya da Binciken Kisa a Ƙagaggun Labaran Turawa

A cikin ƙagaggun labaran binciken laifi da ake rubutawa da Ingilishi akwai wani reshe da mawallafa da masu sayar da littattafai ke kira kozi, wato labarin kisan kai da aka tsara shi yadda ba zai tayar wa mai karatu da hankali ba. Daga jikin wannan reshe wani ƙarami ya tsiro, ya kuma bunƙasa a Amurka tun daga shekarun 1990. Shi wannan yana haɗa abubuwa uku a littafi guda: mai bincike wadda aikin ba sana'arta ba ne, fatalwar wani mamaci da ke hulɗa da ita, da soyayyar da ake ja daga littafi zuwa littafi. Biyu daga cikin ukun, fatalwa da soyayya, su ne ainihin abubuwan da magabatan wannan fanni suka hana a rubuce. Saboda haka tarihin reshen da fasaharsa duk sun rataya ne a kan yadda marubuta suka shigo da su ba tare da sun ɓata wasan ƙwaƙwalwar da aka gina labarin bincike a kansa ba.

Tushen gidan yana Ingila, a hannun Agatha Christie. A 1927 ta fito da Miss Marple a wani gajeren labari, a 1930 kuma ta ba ta cikakken littafi, The Murder at the Vicarage. Marple tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, tana zaune a ƙauyen St Mary Mead, aikinta saƙa da kula da furanni da lura da mutane. Ba ta da bindiga, ba ta da ikon kama kowa. Jarinta shi ne sanin halin ɗan Adam, da kuma rainin da ake yi wa tsofaffin mata, wanda ke sa mutane su saki baki a gabanta. Daga wannan tsari aka samo ƙa'idojin da kozi ke bi har yau. Ana yin kisan ne a bayan fage, ba a bayyana jini da rauni dalla-dalla. Babu batsa, babu ashar. Wurin ƙarami ne, kowa ya san kowa, kuma makashin yana cikin waɗanda ake gaisawa da su kullum. Dalilin kisan na cikin gida ne: gado, kishi, bashi, tsohon asiri. A ƙarshe ana gano mai laifi, gari ya koma zaman lafiyarsa.

Amurkawa ne suka mayar da shi abin kasuwa. Shirin talabijin na Murder, She Wrote, wanda aka nuna daga 1984 zuwa 1996, ya sa miliyoyin mutane sun saba da Jessica Fletcher, gwauruwa marubuciya da ke warware kisa a wani ƙaramin gari na bakin teku a jihar Maine. Tun 1989 ake yin taron shekara-shekara mai suna Malice Domestic a yankin Washington, inda ake ba da kyautar Agatha ga littattafan da suka bi salon gargajiya, ba batsa ba zubar da jini a fili. Kamfanonin ɗab'i kuma suka gano cewa jerin littattafai ya fi guda ɗaya ciniki, musamman idan an ɗaura wa jarumar wata sana'a da mai karatu zai so ya leƙa: gasa burodi, sayar da littattafai, saƙa, gyaran tsofaffin gidaje. Fatalwa ta shigo ne a matsayin ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙugiyoyi, sai dai ita ta fi sauran taɓa ginin labarin kansa.

Dalilin yana cikin dokokin da aka kafa tun farko. A 1928 marubucin Amurka S. S. Van Dine ya wallafa ƙa'idoji 20 na rubuta labarin bincike. A cikinsu ya ce kada a sa soyayya, domin manufar labarin ita ce kai mai laifi gaban shari'a, ɗaurin aure ba ya cikinta. Ya kuma hana a gano gaskiya ta hanyar kiran ruhohi ko duba ko karanta zuciya. A 1929 Ronald Knox, limamin cocin Katolika a Ingila, ya fitar da nasa dokoki 10, na biyu a cikinsu ya kore duk wani abu na gaibu. Hujjarsu a bayyane take. Labarin bincike gasa ce tsakanin marubuci da mai karatu, kuma dole a shimfiɗa wa mai karatu duk alamun da jarumi ya gani domin shi ma ya gwada sa'arsa. Idan mamaci zai tashi ya nuna makashinsa da yatsa, gasa ta ƙare tun ba a fara ba.

Wannan bai hana marubutan wancan zamani wasa da tsoron fatalwa ba, sai dai sukan warware shi da hankali a ƙarshe. Karen da ake cewa na gaibu ne a The Hound of the Baskervilles na Arthur Conan Doyle, wanda ya fito a littafi a 1902, ya zama kare ne na gaske da aka shafa wa sinadari mai ƙyalli. A The Sittaford Mystery na 1931, Christie ta buɗe labarin da zaman kiran ruhohi inda aka sanar da kisa, daga baya ta nuna dabarar makashin ce. Abin mamaki shi ne Doyle ɗin nan da ya hana jaruminsa Sherlock Holmes yarda da fatalwa, shi kansa ya ƙare rayuwarsa yana yawon wa'azin cewa ana iya magana da matattu. Dokar hana soyayya kuwa ba ta daɗe ba. Dorothy L. Sayers ta haɗa jaruminta Lord Peter Wimsey da Harriet Vane a 1930, ta ja neman auren har ta aurar da su a littafin 1937.

Fatalwar da ke neman a bi mata haƙƙi tsohuwa ce a adabin duniya. Ita ce ta tayar da rikicin Hamlet na Shakespeare wajen shekarar 1600. A tsofaffin labaran alƙalai na ƙasar Sin, irin na Alƙali Bao da Alƙali Di, mamaci kan zo wa alƙali a mafarki ya ba shi haske, kuma ba a ɗauki hakan a matsayin aibi ba. Har a tarihin shari'ar Amurka akwai wani lamari da ake yawan ambata. A 1897, a gundumar Greenbrier ta jihar Virginia ta Yamma, wata matar aure mai suna Zona Heaster Shue ta rasu aka binne ta. Mahaifiyarta ta dage cewa 'yar ta zo mata cikin dare ta ce mijinta ne ya karya mata wuya. Aka tono gawar, likitoci suka tarar wuyan a karye, aka yanke wa mijin ɗaurin rai da rai. Abin lura shi ne mai gabatar da ƙara bai dogara da zancen fatalwa ba, da sakamakon binciken gawa da sauran shaidu ya dogara. Wannan tsari, inda mamaci ke nuna hanya amma rayayye ne ke nemo hujjar da kotu za ta karɓa, shi ne ƙashin bayan littattafan da ake magana a kansu.

Amma duk waɗannan fatalwoyi na ban tsoro ne ko na ban tausayi. Wadda kozi ke bukata, mai raha da za a iya zama da ita a falo, daga barkwanci ta fito. Thorne Smith ya wallafa Topper a 1926, labarin wani ma'aikacin banki mai sanyin hali da fatalwoyin wasu ma'aurata 'yan shagali suka addaba. Fim na uku da aka yi a kan wannan labari, Topper Returns na 1941, ya ƙara kisa a ciki: wata budurwa da aka kashe bisa kuskure ta tilasta wa Topper, ma'aikacin bankin nan, ya taya ta neman makashinta. Ɓangaren soyayya kuwa ya fito ne daga The Ghost and Mrs. Muir na 1945, wanda Josephine Leslie ta rubuta da sunan aro na R. A. Dick, aka mayar da shi fim a 1947. Wata matashiya da mijinta ya rasu ta kama hayar gida a bakin teku, ta tarar da fatalwar wani kyaftin ɗin jirgin ruwa a ciki. Suka fara da faɗa, suka koma abota, ya riƙa faɗa mata tarihinsa tana rubutawa har littafin ya ciyar da ita, sannan aka samu ƙaunar da ba ta da hanyar cika sai bayan ita ma ta mutu. A 1969 talabijin ɗin Birtaniya ya kawo Randall and Hopkirk, inda aka kashe ɗaya daga cikin abokan aikin bincike biyu, ya dawo sanye da farar kwat, abokinsa kaɗai ke ganinsa.

Haɗuwar waɗannan jijiyoyi ta bayyana sosai a 1992 da Aunt Dimity's Death na Nancy Atherton. Jarumar, Lori Shepherd, Ba'amurkiya ce da talauci da rasuwar mahaifiya suka durƙusar. Sai ta gano cewa Dimity da ake ba ta tatsuniyarta tana yarinya mutum ce ta gaske, ƙawar mahaifiyarta tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma ta rasu ta bar mata aiki a wani ƙaramin gida a karkarar Ingila. Dimity ba ta bayyana a ido. Rubutun hannunta ne ke fitowa a shafukan wani shuɗin littafi idan Lori ta buɗe ta yi magana. A yawancin littattafan jerin ma babu kisa, sai wani tsohon sirri da ake tonowa. A 1999 Carolyn Haines ta fara jerin Sarah Booth Delaney a jihar Misisipi. A 2004 ma'auratan nan Alice Alfonsi da Marc Cerasini, da sunan aro na Alice Kimberly, suka fitar da The Ghost and Mrs. McClure, wanda sunansa kansa gaisuwa ce ga littafin 1945. A nan Penelope, gwauruwa mai kantin littattafai a jihar Rhode Island, ita ce ke jin muryar Jack Shepard, mai bincike mai zaman kansa da aka kashe a ginin a 1949. Zaɓin nan da wayo aka yi shi, domin Jack ya fito ne daga ɗaya makarantar labarin bincike, ta su Raymond Chandler, mai tsaurin ido da kaushin harshe, wadda ta daɗe tana yi wa salon Christie ba'a. Sai ga makarantun biyu a kai ɗaya suna gardama. Carolyn Hart ta juya abin a Ghost at Work na 2008, inda fatalwar ce da kanta mai bincike kuma mai ba da labari. E. J. Copperman ya biyo baya a 2010 da wata bazawara mai gidan baƙi a gaɓar tekun New Jersey, wadda ta fara ganin matattu bayan wani abu ya faɗo mata a ka.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan marubuta sai da ya amsa tambaya guda: tunda mamaci yana magana, me ya hana shi faɗin wanda ya kashe shi a shafi na biyu? Ingancin littafi a wannan reshe kusan ana iya auna shi da yadda aka amsa ta.

Amsa mafi sauƙi ita ce mamacin bai sani ba. An ba shi guba, ko an buge shi ta baya, ko yana barci. Fatalwoyin Copperman biyu guba aka ba su, don haka su ma neman amsa suke yi kamar kowa. Wata amsar ita ce mutuwa tana goge tunanin sa'o'in ƙarshe, sai a riƙa dawo da shi gutsure-gutsure. Wannan ita ce mafi rauni, domin mai karatu yana gane cewa marubuci ne ke riƙe da famfon, yana buɗewa lokacin da labari ya cije. Hanya ta uku, wadda ta fi tsafta, ita ce a raba fatalwar da kisan gaba ɗaya. Jack Shepard ya mutu shekaru fiye da 50 kafin kashe-kashen da Penelope ke bincika, Dimity kuma abin da Lori ta gaya mata kaɗai ta sani. Irin wannan fatalwa mashawarciya ce kawai, abokiyar tattauna alamu, kuma tana cike gurbin da Dakta Watson ya cike wa abokinsa Holmes, sai dai a nan sau da yawa ita ce mai gogewar. Akwai kuma takunkumin wuri da na iko: fatalwa ba ta iya barin gidan da ta mutu, ko ba ta iya ɗaga komai, ko mutum ɗaya ne tak ke jin ta. Hart da ta bai wa jarumarta ikon ɓacewa da ratsa bango, sai ta ɗaure ta da dokokin wani ofishi da ya aiko ta duniya, ta kuma hana ta sanin abin da ke zuciyar mutane. Tana iya laɓewa ta ji zance, amma fassara shi sai da tunani.

A saman duk waɗannan akwai katangar da ba ta rushewa, wato maganar fatalwa ba ta shiga kotu. Ko da jarumar ta san makashin, ba za ta je ofishin 'yan sanda ta ce mamaci ne ya gaya mata ba. Dole ta nemo takarda, ko rasit, ko shaida mai rai. Ta nan ne marubutan kirki suka cika manufar Knox duk da sun karya lafazin dokarsa. Akwai ma wata riba da magabata ba su hango ba: mamaci yana iya yin kuskure, yana iya ɓoye abin kunyarsa, yana iya zargin wanda ya tsana tun yana raye. Marubucin Japan Akutagawa ya nuna haka tun 1922 a labarin da aka gina fim ɗin Rashomon a kansa, inda shaidar mamaci ta bakin mai kiran ruhohi ta zama ɗaya kawai cikin shaidu masu karo da juna.

Soyayya tana da aikin da ya wuce ado. Kowane littafi yana rufe kisansa, saboda haka ana bukatar zaren da zai sa a sayi na gaba, kuma neman aure ne ke yin wannan aiki. Masoyin da aka fi yawan gani ɗan sanda ne, don dalili na fasaha: ta bakinsa jarumar ke jin sakamakon binciken gawa, shi ne kuma mai ja mata kunne ta daina shisshigi. Fatalwa tana ƙara wa wannan dangantaka sirri, domin dole wata rana jarumar ta zaɓi ko ta faɗa masa tana magana da matattu ya ɗauke ta mai taɓin hankali, ko ta ci gaba da yi masa ƙarya game da inda take samun labari. Ɗaya sigar ita ce ta gadon Mrs. Muir, inda zuciyar jarumar ke karkata ga fatalwar kanta. Wannan ya dace da kozi ƙwarai, tunda salon ya hana bayyana sha'awa a fili, ga kuma masoyin da ko hannunsa ba a iya taɓawa. Matsalarsa ita ce ba shi da mafita. Ko dai fatalwar ta tafi jerin ya mutu, ko jarumar ta auri rayayye mai karatu ya ji an ci amana, ko a yi ta jan abin shekara da shekaru. Yawancin marubuta na ukun suke zaɓa. Ba a banza ba ne jaruman nan suka fi zama gwauraye da zawarawa da marayu: mace ce da ta yi rashi, ta koma wani gari ta sake rayuwa, kuma fatalwar hanya ce ta yin maganar baƙin ciki ba tare da littafin ya yi nauyi ba.

Mai karatu Bahaushe zai lura cewa wannan halitta ta bambanta da fatalwar da ake tsorata yara da ita, ta kuma bambanta da aljani. A Musulunci mamaci yana barzahu, ba ya dawowa ya zauna a gidansa. Ko a koyarwar manyan coci-coci ma babu wannan hoto. Ya fito ne daga camfin gargajiyar Turai da kuma ƙungiyar masu kiran ruhohi da ta ɓulla a jihar New York a 1848, ta sake ƙarfi bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya lokacin da iyalai da yawa suka rasa 'ya'yansu. Daga can aka gaji ra'ayin cewa mamaci yana maƙalewa a duniya idan ya bar wani abu bai kammala ba. Marubutan kozi ba su cika ɗaukar wannan a matsayin aƙida ba. Dabarar labari ce, kuma sukan kauce wa zancen hisabi da makoma.

Sukar da ake yi wa reshen tana da tushe. Kozi dama ana zarginsa da mayar da kisan kai abin nishaɗi, to idan wanda aka kashe ya dawo yana zolaya, nauyin laifin ya ƙara raguwa. Ƙaramin gari da ake tsintar gawa duk bayan 'yan watanni ya zama abin dariya ko a wurin masoya salon. Haka ma babin kusa da ƙarshe, inda jarumar ke zuwa ita kaɗai ta tunkari wanda take zargi, karambanin akuya gai da kura, sai fatalwa ta tura wani abu ya faɗo ta cece ta. Akwai kuma batun launin fata. Shekaru da yawa garuruwan nan kusan na Turawa ne zalla. A jerin Haines, fatalwar Jitty baƙar mace ce da ta yi reno a gidan kakannin jarumar a zamanin bauta, kuma har bayan mutuwa tana nan tana damuwa da ci gaban zuriyar gidan. An rubuta ta da kaifin baki da ban dariya, amma tsarin yana ɗauke da tsohon hoton baiwa mai biyayya da adabin kudancin Amurka ya daɗe yana yayatawa.

Sababbin marubuta sun fara sauya wannan. A Murder in G Major na 2016, Alexia Gordon ta kai Gethsemane Brown, baƙar Ba'amurkiya ƙwararriyar mai kiɗa, wani ƙauye a ƙasar Ailan, inda fatalwar wani mai tsara kiɗa ta roƙe ta ta wanke sunansa daga zargin cewa ya kashe matarsa ya kashe kansa. A nan baƙuwar ce ke riƙe da basira, kuma baƙuncinta yana cikin abin da ke wahalar da binciken. Ta fuskar kasuwa kuma, bayan fitowar na'urar karatu ta Kindle a 2007 marubuta da yawa sun koma wallafa littattafansu da kansu ta intanet, suna fitar da gajeru a kai a kai. Wannan ya faɗaɗa reshen har ya haɗa da mayu da masu duba da kuliyoyi masu magana, ya kuma sa iyakar da ke tsakaninsa da labaran soyayyar gaibu ta yi laushi. A irin waɗannan littattafai ikon jarumar yakan yi yawa, alamun da ake bai wa mai karatu su ragu, har wani lokaci a gano makashi ta hanyar tsafi kai tsaye, abin da jerin Atherton da Kimberly da Copperman suka yi ta ƙoƙarin kauce wa.